Ɗaukar hoton halittun teku a ƙarƙashin ruwa: tambayoyin masu nutso da amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa goya tukunyar iska ya nutsa cikin teku da kyamara a hannu ya san wannan takaici: ido ya ga abin al'ajabi, amma da aka fito aka duba hotuna, sai shuɗi da dishi-dishi da wutsiyar kifin da ya riga ya wuce. Ga tambayoyin da masu farawa suka fi yi mini, da amsoshin da nake ba su.

Kwanan nan na samu shaidar nutso. In sayi kyamara yanzu?

Ka ɗan dakata. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda, kuma koyon nutso da koyon hoto kowanne yana son hankalinka gaba ɗaya. Ga gwajin da nake ba kowa: ka tsaya cak a tsakiyar ruwa, kamar mita 1 daga ƙasa, hannuwanka a naɗe, na tsawon minti 1, ba ka hau ba, ba ka sauka ba, ba ka kaɗa ƙafa ba. Sannan ka matsa gaba a hankali, ka ja da baya da ƙafafu kaɗai. Ranar da ka iya wannan ba tare da ka yi tunaninsa ba, ranar ce ta ɗaukar kyamara.

Ba don kyan hoto kawai nake faɗin haka ba. Kyamara ɓarauniyar hankali ce. Mutum zai kafa ido a kan allo ya manta da ma'aunin iska, ya manta da zurfi, ya manta da abokin nutsonsa. A teku kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsin da ya kai na iskar doron ƙasa, don haka a mita 30 iskar tukunyarka tana ƙarewa da saurin da ya ninka na sama sau 4. Wanda ya bi kunkurun ruwa ƙasa yana neman hoto zai iya wuce iyakarsa bai sani ba. Shaidar farko ta yawancin hukumomin koyarwa ta tsaya ne a mita 18, nutson nishaɗi kuwa gaba ɗayansa bai wuce mita 40 ba. Ka saba wa kanka: hoto biyu ko uku, sai duba ma'auni, sai duba aboki.

Me ya sa duk hotunana suke fitowa shuɗi ko kore?

Ruwa ne yake shanye launuka, ɗaya bayan ɗaya. Ja ne yake fara tafiya, kafin a kai mita 5 ya kusa ƙarewa. Ruwan lemo yana binsa wajen mita 10, rawaya wajen mita 20, daga nan sai kore da shuɗi su mallake wurin. Idonka yana ɗan yi maka gyara domin ƙwaƙwalwa ta san yadda ja yake, kyamara kuwa abin da ta gani shi take ba ka. Wanda ya taɓa yankewa a zurfi ya ga jininsa ya fito kore-kore ya gane wannan batu fiye da kowane bayani.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ruwan da ke tsakaninka da kifi shi ma yana cikin lissafi. Hasken filasha sai ya je ya dawo. Kifin da ke nesa da kai da mita 2, hasken ya ratsa mita 4 na ruwa ke nan kafin ya shiga kyamara, ja ya riga ya salwanta a hanya komai ƙarfin fitilar.

Matsalar tsohuwa ce. A 1926, lokacin da William Longley da Charles Martin suka ɗauki hotuna masu launi na farko a ƙarƙashin teku, a tsibiran Dry Tortugas da ke gaɓar Florida a Amurka, sai da suka riƙa kunna wa hodar magnesiyam wuta a kan wani dandamali da ke yawo a saman ruwa don su sami hasken da zai isa ƙasa. Mujallar National Geographic ta buga hotunan a Janairun 1927. Yau fitilar da ke yin wannan aiki tana shiga tafin hannu, amma abin da ake nema bai sauya ba: ka kai haske inda rana ta kasa kai shi.

To yaya kusancin da ya kamata in yi?

Ka matso. In ka ji ka matso, ka ƙara matsowa, muddin dabbar ba ta nuna damuwa ba. Yawancin hotunan da suke burge ka an ɗauke su ne daga ƙasa da mita 1, na ƙananan halittu kuwa daga taƙi ɗaya ko ƙasa da haka. Gilashin fuskarka yana ruɗinka: karyewar haske tsakanin ruwa da iska tana sa abu ya ƙara girma da kusan kashi 1 cikin 3, ya kuma yi kamar ya matso da kashi 1 cikin 4. Abin da ka ɗauka yana mita 3 yana mita 4. Kada ka dogara da jawo hoto da maɓalli, domin jawowa ba ta rage ruwan da ke tsakani, ɗaukar dattinsa kawai take yi ta ƙara masa girma.

Wace kyamara zan fara da ita?

Wadda ba za ta cika maka hannu ba. Ƙaramar kyamara mai gidanta na kariya da filasha guda ɗaya ta ishi mai farawa shekara guda cur. Samfurin TG na Olympus yana jure mita 15 ko babu gida, kuma ya yi suna wajen ɗaukar ƙananan abubuwa. GoPro na zamani yana jure mita 10, ya fi dacewa da bidiyo da wurare masu faɗi. In za ka wuce wannan zurfin dole sai da gida. A ganina, in kuɗinka zai isa abu ɗaya ne kawai, tsakanin kyamara mai tsada da filasha mai kyau, ka sayi filasha.

Na sayi filasha, amma hotunan sun cika da fararen ɗige-ɗige. Me ke faruwa?

Ka tuna yadda fitilar mota take yi cikin ƙura: maimakon ta nuna maka hanya, ƙurar take haskawa ta dawo maka da ita cikin ido. Haka ruwan teku yake, cike yake da yashi da ƙananan halittu masu yawo, ko da idonka ya gan shi garau. In filasha tana dab da idon kyamara, tana kallon inda yake kallo, kowane ƙwayar datti zai mayar da haske kai tsaye. Shi ya sa filashar da ke jikin kyamara ba ta da amfani sosai sai ga abin da ke kusa ƙwarai.

Maganin shi ne a raba fitila da ido. Don haka ake ɗora ta a kan hannaye masu gaɓoɓi. In kana ɗaukar wuri mai faɗi, ka miƙe hannayen gefe da gefe, ka ja fitilun baya kaɗan har su koma bayan gilashin gaban gidan kyamara, su kalli gaba ko ma su ɗan karkata waje. Abin da kake so shi ne gefen hasken ya taɓa kifin, ruwan da ke tsakaninku kuma ya zauna cikin duhu. Gwargwadon nisan abin, gwargwadon yadda za ka buɗe hannayen. In ka matso sai ka tattaro su ciki. In fitila ɗaya gare ka, ka ɗaga ta sama ta ɗan karkata gefe, kamar yadda rana take faɗowa, inuwar za ta yi kama da ta gaske.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saita fitila a inda ido ya ga kifin. Tunda ruwa yana matso da abu a ido, sai hasken ya sauka a gaban kifin, ya haska dattin da kake gudu. Ka saita ta ɗan bayan inda kake gani.

Sauran rabin maganin kuma yana ƙafafunka. Mafi yawan ƙurar da ke ɓata hoto mai hoton ne ya tayar da ita, ko wanda ya riga shi zuwa wurin. Ka koyi iyo irin na kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe, takalman iyo suna sama, ruwan da kake turawa yana tafiya baya ba ƙasa ba. In akwai igiyar ruwa, ka tunkari abin kana fuskantar igiyar domin ta kwashe ƙurarka ta yi baya da ita.

Wane saiti zan fara da shi?

Ka mayar da kyamara hannunka, ka daina bar mata zaɓi. Ga ƙananan halittu da babbar kyamara, ka fara da ƙofar haske f/16 zuwa f/22 (babbar lamba, ƙaramar ƙofa), saurin ƙiftawa 1/160 ko 1/200 na daƙiƙa, ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take jin haske, 100 ko 200. Ga wuri mai faɗi, f/8 zuwa f/11, 1/125, ISO 200 zuwa 400. Waɗannan mafari ne kawai, ka ɗauka, ka duba, ka gyara.

Akwai sirri ɗaya da in ka riƙe shi komai zai zo da sauƙi. Hoto ɗaya haske biyu ne. Walƙiyar filasha gajeriya ce ƙwarai, don haka saurin ƙiftawa bai shafe ta ba, shuɗin bayan hoto kawai yake sarrafawa. In kana son ruwa ya yi duhu ko ya zama baƙi, ka ƙara sauri. In kana son shuɗi mai haske, ka rage. Hasken jikin kifin kuwa ƙofar haske da ƙarfin filasha da nisa ne ke yanke shi. Ka fara daidaita shuɗin baya fitila a kashe, sannan ka kunna ta ka cike gaba. Sai dai ka san iyakar saurin da kyamararka take iya haɗuwa da filasha, galibi 1/200 ko 1/250, in ka wuce za ka ga baƙin layi ya yanke hoton.

Mene ne bambancin gilashin gaba mai lebur da mai kumburi?

Mai lebur yana ƙara wa abu girma yana kuma matse faɗin gani, shi ya sa ya dace da ƙananan halittu, tare da idon kyamara na milimita 60 ko 100. Mai kumburi kamar rabin ƙwarya yana dawo wa ido mai faɗi da faɗinsa, shi ake sa wa manyan kifaye da tuddan murjani da jiragen da suka nutse. Ka yanke shawara tun kana kan jirgi, domin ba a sauya ido a cikin ruwa, kuma mai neman komai a nutso ɗaya yakan fito da ba komai.

Da na matso sai kifin ya gudu. Yaya masu hoto suke yi?

Ba sa bin kifi. Ba ka da saurin da za ka cim ma halittar da aka yi ta domin ruwa, kuma duk abin da ya bi ta a guje a wurinta maharbi ne. Aikin mai hoto shi ne ya gane inda kifin zai zo, ya riga shi zuwa, ya jira.

Akwai wani ƙaramin kifi mai faɗin baki da yake haƙa rami a cikin yashi da tsakuwa, namijin ne yake ɗauke da ƙwai a cikin bakinsa har su ƙyanƙyashe. Ranar da na fara samunsa da ƙwai, ina hango shi ya shige rami. Na sauka nesa da shi kamar mita 2 a kan yashi tsantsa, na saita komai a kan wani dutse mai girmansa, na rage numfashi ya zama dogo a hankali domin ƙarar kumfa ita ta fi tsorata su. Bayan ɗan lokaci sai ga idanu biyu a bakin rami. Ban motsa ba. Ya fito da kai, ya koma. Duk sanda ya koma sai in matsa taƙi ɗaya. A karo na huɗu ko na biyar ya fito har rabin jiki, ya buɗe baki ya furzo dunƙulen ƙwan ya juya shi ya sake zuƙe shi, kowane ƙwai da ɗigon idanu biyu masu ƙyalli kamar azurfa. Abin bai fi daƙiƙa 1 ba. Kusan minti 20 na yi a wurin, kuma hoto ɗaya ne ya fito, amma har yau ina komawa in dube shi.

Sanin ɗabi'ar dabba ya fi kowane kayan aiki. Kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane ba ya nisa da furen tekun da yake zaune a ciki, yana zagaye ne ya dawo wuri ɗaya, sai ka saita a wurin ka jira shi. A kan tuddan murjani akwai wuraren wanka, inda manyan kifaye suke zuwa su tsaya baki buɗe, ƙananan kifaye da jatan lande suna tsince musu ƙwari daga haƙora da kafofin numfashi. Kifin da ake wa wanka ba ya son tashi, in ka zo a hankali daga ƙasa zai bar ka ka matso fiye da ko'ina.

Ta wace kusurwa hoto ya fi kyau?

Ka sauka daidai idon dabbar ko ƙasa da shi, ka ɗaga kyamara sama kaɗan. Hoton da aka ɗauka daga sama yakan haɗe kifi da ƙasa, domin bayansa an halitta shi ne ya saje da ita. Daga ƙasa kuwa shuɗin ruwa ne zai zama bango. Kuma ido shi ne hoton: in idon ya fito tar, an yafe wa sauran jiki. Ga dodon koɗin teku marar ƙoƙo, mai launuka kamar an yi masa zane, ƙahonin nan biyu na kansa su ne madadin ido.

Zan iya riƙe numfashi don kada hannuna ya girgiza?

A'a. Dokar farko ta nutso da tukunya ita ce kada a riƙe numfashi. Iskar da ka shaƙa a ƙasa tana kumbura in ka hau, kuma a ruwa marar zurfi hawan mita 1 ko 2 da huhu a cike, maƙogwaro a rufe, ya isa ya yi wa huhu rauni. Mai kallon allo ba ya sanin yana hawa. Ka danna maɓalli a ƙarshen fitar da numfashi, lokacin da jiki ya fi natsuwa kuma kumfa ta wuce.

Laifi ne in dafa murjani ko in ɗan gyara wa dabba zama?

Laifi ne, kuma a nan ba na sassautawa. Murjani ba dutse ba ne, dubban ƙananan dabbobi ne masu rai, da siririyar fata a kan ƙashinsu. Masu kama da manyan duwatsu ba sa ƙaruwa fiye da santimita 1 ko 2 a shekara. Gwiwa ɗaya, ko bugun takalmin iyo ɗaya, zai karya abin da ya girme ka. In dole ka tokare, ka nemi mataccen dutse ka sa yatsa ɗaya. In babu, ka bar hoton.

Ɗaukar dabba a ɗora ta inda bango ya fi kyau, ko tsokanar kifin nan mai kumbura don ya kumbura, ko zungurar oktofus, dabbar nan mai hannaye takwas, da ƙarfe ya fito daga raminsa, duk zalunci ne, kuma waɗanda suka san teku suna gane irin wannan hoton da kallo ɗaya. Manyan gasannin hoto suna korarsa. In mai yi maka jagora ya miƙa sanda zai taɓa dabba domin ya faranta maka, ka girgiza masa kai, kai yake yi dominka.

Akwai kuma lafiyarka. Kifin dutse yana kwance kamar tsakuwa da ƙayoyi masu dafi a baya, murjanin wuta yana ƙuna, ƙaramin oktofus mai shuɗin zobe kuwa dafinsa yana kisa. Hannun da ba ya taɓa komai ba ya gamuwa da su.

Filasha tana cutar da dabbobi?

Ka bi dokar wurin da kake, sannan ka bi abin da dabbar ta nuna maka. A Ningaloo ta Ostireliya an hana amfani da filasha a kan kifin shak mai ɗige-ɗige, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya, kuma sai ka bar tazarar mita 3 daga jikinsa da mita 4 daga wutsiya. Ga ƙananan halittu kamar ɗan mitsitsin dokin teku da ke maƙale a reshen murjani, wanda bai kai santimita 3 ba, kuma masu hoto suke yi masa layi a mashigin Lembeh na Indunusiya, ka rage ƙarfin fitila, ka ɗauki 'yan kaɗan ka ba shi wuri. In dabba ta juya baya, ko ta sauya launi, ko ta bar abin da take yi, ta sallame ka ke nan.

In ba ni da filasha fa?

Kada ka wuce zurfin mita 10, ka ɗauka da tsakar rana, ranar tana bayanka. Ka daidaita fari, wato ka nuna wa kyamara abin da za ta ɗauka a matsayin fari, a kan farin allo ko tafin hannunka, ka maimaita duk sanda zurfi ya sauya. Jan gilashin tacewa yana taimakawa a shuɗin ruwa, amma ka cire shi in za ka kunna fitila, in ba haka ba komai zai yi ja. Ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye hoton ɗanye yadda kyamara ta gan shi, domin gyaran launi a kwamfuta ya yi sauƙi, sai dai launin da bai shiga kyamara ba kwamfuta ba ta iya dawo da shi.

Yaya zan hana ruwa shiga gidan kyamara?

Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma abin da ya raba kyamararka da teku zoben roba ne siriri da ke toshe bakin gidan. Ka haɗa kayanka tun da dare, a ɗaki mai haske, ba a kan jirgi ana jiranka ba. Ka zare zoben da yatsu ko katin roba, ban da ƙarfe. Ka goge kwarmin da yake zama da kyalle marar gashi. Ka ja zoben tsakanin babban yatsa da manuni, ido rufe ma in ka so, domin yatsa yana jin ƙwayar yashi kafin ido ya gan ta. Ka shafa masa man da kamfanin ya ce, ɗan kaɗan, ya yi sheƙi kawai. Man ba shi ke tare ruwa ba, in ya yi yawa datti yake kamawa. Kafin ka rufe, ka haska da tocila ka bi da'irar gaba ɗaya. Silin gashi guda ɗaya da ya gitta zobe ya taɓa cinye mini kyamara a mita 12, ina kallon ruwa yana taruwa a ƙasan gilashi.

In gidan yana da famfon zuƙe iska, ka yi amfani da shi, fitilarsa za ta gaya maka ko akwai yoyo tun kana busasshe. Ka sa ƙullin shanye laima a ciki, kada ka bar kayan a rana, domin gida mai zafi in ya shiga ruwan sanyi gilashi yana yin raɓa daga ciki. Kada ka yi tsalle da kyamara, ka shiga ruwa a miƙo maka. Bayan nutso ka jiƙa gidan a ruwan daɗi kana danna kowane maɓalli, kafin gishiri ya bushe a ciki.

In ruwan ya shiga ina ƙasa?

Ka juya gilashin gaba ya kalli ƙasa domin ruwan ya taru a can nesa da kyamara, ka kashe ta in za ka iya, ka yi wa abokinka alama, ku hau da saurin da aka koya muku, tare da tsayuwar minti 3 a mita 5. Kada ka ƙara sauri saboda ita. In kun fito ka buɗe gidan gilashi yana ƙasa, ka cire batir nan take, ka ajiye shi a waje nesa da abin da zai kama wuta, domin batirin da ya sha ruwan gishiri yana iya yin zafi. Katin ajiya kuwa ka wanke shi da ruwan daɗi ka bar shi ya bushe sarai kafin ka sa shi a kwamfuta. Sau da yawa hotunan suna nan lafiya.